Chasse-Marée: Mujallar da Ta Mayar da Jiragen Masuntan Faransa Kan Teku

Douarnenez gari ne na masunta a can ƙuryar yammacin Faransa, a yankin Bretagne, inda ƙasa ta kutsa cikin tekun Atlantika. Wajen shekarar 1900 garin na da jiragen kamun sadin kimanin 800, kuma babu ko ɗaya a cikinsu mai inji. Iska ce ke tura su, ta hanyar filafilai, wato manyan ƙyallayen da ake ɗaurawa a jikin jigo. Chaloupe suke kiran irin wannan jirgi. Buɗaɗɗe ne, ba shi da rufi, tsawonsa bai wuce mita tara ko goma ba, jigonsa biyu, filafilansa kuma ja-ja ne masu duhu saboda ana jiƙa su a ruwan ɓawon itace don kada gishiri da laima su ci su. In an isa inda kifi yake sai a sauke filafilan, a kwantar da jigo, mutum biyu su kama manyan matuƙa suna riƙe da kan jirgin yana fuskantar iska. Mai jirgi ya tsaya a baya, ya saki taru shuɗi mai laushin zare, ya riƙa watsa koto dama da hagu. Koton kuwa ƙwan kifin kod ne mai gishiri da ake sayowa cikin ganguna tun daga Norwe, kuma tsadarsa na iya cinye ribar mako guda. Da an cika sai tsere zuwa gida, domin wanda ya riga isa kwata shi ke samun farashi mai kyau. A kan tudu mata na jira a masana'antun gwangwani: su cire kai, su shanya, su soya a mai, su jera. Ɗaya daga cikin waɗannan masana'antu, Chancerelle, tun 1853 take aiki har yau.

Kowace gaɓa ta Faransa tana da nata jirgin, gwargwadon kifin da take nema da irin ruwan da take da shi. Mutanen tsibirin Groix na bin kifin tuna da dundée, jirgi mai rufi wanda ke miƙa dogayen sanduna biyu, ɗaya a kowane gefe, yana jan layukan fatsa a bayansa. Har hasumiyar cocin garinsu siffar tuna aka ɗora mata a maimakon zakaran da aka saba gani a sauran garuruwa. A Cancale da Granville akwai bisquine mai jigo uku, wadda ke jan manjagarar ƙarfe a ƙasan ruwa tana kwaso kawa. Séné, a cikin ƙaramin tekun Morbihan, na da sinagot mai baƙin jiki da jajayen filafilai biyu. Paimpol na tura jirage can Aislan, Fécamp da Saint-Malo kuma zuwa gaɓar Kanada neman kod, tafiyar wata shida. Masuntan Camaret da na Douarnenez sun gangaro har gaɓar Muritaniya suna kamun langouste, wani babban jatan landen teku mai tsada, suna komawa da shi da rai cikin rijiyar da aka gina a tsakiyar jirgi, wadda ruwan teku ke shiga yana fita.

Inji ya kawar da wannan duka cikin abin da bai kai rayuwar mutum ɗaya ba. Ni dai ban ga laifin masuntan ba ko kaɗan. Mai kallo daga tudu shi ke ganin kyan filafilai. Wanda ke ciki ya san sanyi, ya san dare, ya san kifin da ke ruɓewa saboda iska ta ɗauke ana nesa da gida. A watan Satumba na 1930 guguwa ɗaya ta hallaka masuntan tuna fiye da 200 daga tashoshin kudancin Bretagne, a cikinsu har da yara 'yan koyo. Mutumin da ya binne 'yan'uwansa ta wannan hanya, in ka ba shi inji, ba zai tsaya yi wa ƙyalle kuka ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya zo ƙarshe. Aka sare jigo, aka dasa inji a jiragen da za su ɗauka, sauran kuma aka ja su zuwa bakin koguna aka bar su cikin laka. Irin waɗannan makabartun jirage suna nan har yau a Camaret da kuma can cikin mashigin Port-Rhu na Douarnenez.

Asarar da ta fi ta katako girma ita ce ta ilimi. Yawancin masassaƙan ƙananan jirage ba sa aiki da zane a takarda. Wani yakan sassaƙa rabin jirgi ɗan ƙarami a kan guntun katako, ya auna daga jikinsa. Wani kuma ido ne kawai da gwadabe na katako da ya gada a wajen maigidansa. Yadda ake yanka filafili ya yi ciki daidai, inda ake kafa jigo don jirgi ya ji magana, sunan kowace igiya a harshen Breton, duk a kan mutane suke, mutanen kuma sun tsufa. Gidajen tarihin ƙasa a lokacin sun fi damuwa da jiragen yaƙi na sarakuna. Jirgin talaka ba a ɗauke shi abin ajiyewa ba.

A shekarun 1970 ne wasu 'yan tsiraru suka farga. François Beaudouin ya fitar da littafinsa kan jiragen gaɓar Faransa a 1975. Jean Le Bot, malamin jami'a a Rennes, ya daɗe yana bin gawarwakin jirage a arewacin Bretagne yana auna su, yana mayar da su zane. Sai kuma wani matashi, Bernard Cadoret, wanda tare da matarsa Michèle da abokansa Dominique Duviard, Jacques Guillet da mai zane Henry Kérisit suka ɗauki rakoda da littafin rubutu suka shiga tasha-tasha. Aikinsu ba na zaman ofis ba ne. Sai a nemo tsohon da ya yi su da filafilai, a zauna da shi a kicin ɗinsa, a ɗauko tsohon katin hoto a ajiye gabansa, a tambaye shi jirgin wane ne wannan, wa ya sassaƙa shi, me ya sa wannan igiyar ta bi ta nan. In teku ta janye sai a sa dogayen takalma a shiga laka da ma'auni, a auna haƙarƙarin jirgin da ya rage ɗaya bayan ɗaya kafin ruwa ya dawo. Daga nan a wuce ma'ajiyar takardun hukumar ruwa a duba rajista, a ga ko abin da tsoho ya faɗa ya dace da abin da magatakarda ya rubuta. Wannan aiki ne ya haifi jerin littattafan Ar Vag, waɗanda juzu'insu na farko ya fito a 1978 daga wani ƙaramin kamfanin ɗab'i a Grenoble, garin da ke tsakiyar duwatsu, nesa da kowace teku.

Littafin ya tayar da mutane fiye da yadda masu shi suka zata. A 1979 aka kafa ƙungiyar Treizour a Douarnenez, ta fara tattara tsofaffin jirage tana ɓoyewa a duk rumfar da ta samu. A 1980, a wani ɗan lungu mai suna Pors Beac'h kusa da Brest, Jakez Kerhoas da abokansa suka kira taron masu tsofaffin jirage. Taron bai da girma, amma a nan ne mutanen da kowannensu ke zaton shi kaɗai ne mai wannan ƙauna suka ga juna ido da ido. Abin da ya rage shi ne muryar da za ta haɗa su daga wannan taro zuwa na gaba.

Ita ce mujallar Chasse-Marée, wadda fitowarta ta farko ta bayyana a watan Agusta na 1981. Sunan na wani jirgi ne na da, mai sauri, da ke karɓar ɗanyen kifi a wajen masunta ya kai kasuwannin birane. Cadoret ne jagora, a cikin waɗanda suka kafa ta kuma akwai François Vivier, injiniyan ƙera jirage. Sun zaɓi su zauna a Douarnenez, ba Paris ba, kuma suka tsara kamfanin a matsayin na haɗin gwiwa, mallakar ma'aikatansa. Gidan da ya zama mazauninsu shi ma yana da nasa tarihin: Abri du Marin ne, ɗaya daga cikin gidajen nan masu fenti ruwan hoda da Jacques de Thézac ya gina a tashoshin Bretagne a farkon ƙarni na 20, domin masunta su samu wurin hutawa da karatu da shan abu mai zafi, su rage zaman mashaya. Daga tagoginsa ana hango tashar Rosmeur, inda chaloupe 800 ɗin nan suka taɓa cika ruwa.

Tun daga fitowar farko mujallar ta nuna irin halinta. Takarda mai nauyi, hotuna masu kyau, kasidu masu tsawo waɗanda ba sa tsoron shafi goma sha biyar a kan jirgi ɗaya. Za ka tarar da zanen jiki cikakke da ma'aunai, hirar tsohon matuƙi da kalmominsa na sana'a yadda ya faɗe su, lissafin yadda ake raba kuɗin kifi tsakanin mai jirgi da ma'aikata. Ba ta tsaya kan Bretagne ba. Ta shiga Bahar Rum wajen masu jirgin pointu da jiragen Katalan, ta bi koguna irin su Loire da Rhône, ta ƙetara zuwa ƙasashen waje. Michel Colleu ya jagoranci wani reshe na daban, na tattara waƙoƙin ma'aikatan jirgi daga bakin waɗanda suka rera su suna jan igiya, aka buga su a faifai. A 1986 gidan ya ƙara da wata mujallar, ArMen, kan al'adun Bretagne baki ɗaya.

Abin da na fi girmamawa a tafiyar tasu shi ne ra'ayin da suka tsaya a kai tun farko, cewa jirgin da ba ya tafiya a ruwa rabin shaida ne kawai. Zane na iya gaya maka tsawo da faɗi. Ba zai gaya maka mutum nawa ake bukata don juyar da filafilin chaloupe daga wannan gefen jigo zuwa wancan ba, ko yadda take yi in igiyar ruwa ta buge ta daga baya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tun da babu chaloupe ko ɗaya da ta rage da rai, sai Treizour ta sa aka sassaƙa sabuwa bisa ma'aunin tsofaffi, aka sa mata suna Telenn Mor, ta shiga ruwa a 1983. Tsofaffin da suka yi yarinta a cikin irinta suna raye a lokacin, su suka tsaya a kwata suna gyara wa samari hannu. Da an yi jinkirin shekara goma sha biyar, da ba a same su ba.

Mutanen Cancale suka ɗauki abin da zafi. A da, duk watan Afrilu, bisquine wajen 200 kan fita tare zuwa kwasar kawa a ranakun da hukuma ta yarda, ayarin da suke kira Caravane. A lokacin bazara kuma akwai tseren da ke tsakaninsu da Granville, garin da ke ɗaya gefen mashigin Mont-Saint-Michel, tseren da ba a ɗauke shi wasa ba. A 1984 suka kafa ƙungiya, suka ɗauko zanen da Jean Le Bot ya yi na wata bisquine mai suna La Perle ta 1905, suka kafa ƙashin bayan jirgi a fili, a bakin tashar La Houle, inda kowa zai wuce ya gani. Ranar 18 ga Afrilu 1987 La Cancalaise ta shiga ruwa: jikinta mita 18, amma in aka haɗa da sandar gaba da ta baya ta kai wajen mita 30, filafilanta hawa-hawa har uku a ranar tsere. Granville ba ta iya zama ta zuba ido ba. A 1990 ta saki tata, La Granvillaise, fara tas a gefen baƙar ta Cancale, tsohuwar gasar ta dawo daram.

A nan mujallar ta gano makamin da ya fi kowanne kaifi, wato kishin gari. Ta riga ta shirya manyan bukukuwa biyu a Douarnenez, a 1986 da 1988, inda ɗaruruwan jirage daga ƙasashen Turai suka taru, jama'a kuma suka yi cincirindo fiye da yadda garin zai ɗauka. A ƙarshen shekarun 1980 sai ta yi shelar gasa ga dukan gaɓar ƙasar, mai suna Bateaux des côtes de France. Sharaɗin a bayyane yake: kowace tasha ta binciko jirgin da kakanninta suka yi aiki da shi, ta sassaƙa irinsa ko ta gyara wanda ya rage, ta kawo shi Brest a 1992. Jirgi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da kundin bincike mai nuna inda aka samo kowane ma'auni da kowace al'ada. Wannan sharaɗi na biyu shi ne hikimar abin. Ya tilasta wa malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya da masunta masu ritaya su zama masu bincike, su ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffin garinsu, su buɗe akwatunan hotuna da ba a taɓa ba tun rasuwar kaka. Kuɗin kuma daga ko'ina ya fito: karo-karo, cin abincin dare na tara gudummawa, tallafin magajin gari, kamfanin da ya ba da katako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jirage kusan 100 suka fito daga wannan gasa. Quimper ta yi Corentin, Camaret ta yi Belle Étoile irin na kamun langouste, Saint-Malo ta yi Renard, ƙananan ƙauyuka kuma suka yi nasu 'yan mita biyar ko shida, waɗanda a wurina ba su gaza manyan daraja ba.

Bikin Brest na watan Yuli 1992 ya wuce duk abin da aka taɓa gani. Jirage wajen 2,000, 'yan kallo kusan miliyan ɗaya. Rundunar sojan ruwa ta buɗe wa jama'a tasharta ta kogin Penfeld, wurin da farar hula ba ya shiga. Ranar 14 ga wata aka sauke La Recouvrance cikin ruwa a gaban taron, jirgin da birnin Brest ya sa kamfanin sassaƙa na Guip ya gina masa bisa samfurin wani jirgin soja na 1817. Da aka tashi, dukan ayarin ya ɗaga filafilai ya nufi Douarnenez a rana ɗaya, ya zagaya duwatsun gaɓar Crozon. Tun daga nan bikin ya zama na duk shekara huɗu. Annobar korona ce ta hana na 2020, aka dawo da shi a 2024.

Sai dai shekara guda kafin wannan murna, a 1991, gwamnati ta fito da shirin rage yawan jiragen su, wanda aka fi sani da sunan ministan da ya kawo shi, Jacques Mellick. Ana biyan masunci kuɗi ya fitar da jirginsa daga aiki, kuma mafi yawansu farfasa su aka yi. Ɗaruruwan jiragen katako suka tafi ta wannan hanya, a daidai lokacin da ƙungiyoyi ke tara sulalla don sassaƙa kwaikwayon na kakanninsu. Kaɗan ne aka samu cetowa.

Douarnenez ita ma ta ɗanɗana ɗacin nasarar da ta yi wa kanta yawa. Jiragen da Treizour ta tara sun zama gidan tarihi tun 1985, a wata tsohuwar masana'antar gwangwani da ke dandalin Enfer, kusa da makarantar da ake koyar da sassaƙar jirgi da ɗinkin filafilai. Ganin irin jama'ar da bukukuwa ke jawowa, sai aka yi tunanin abu mafi girma: a datse bakin mashigin Port-Rhu yadda ruwa ba zai janye ba, a mayar da shi tasha guda ta tarihi, jirage na shawagi, maƙera da masassaƙa na aiki a gaban baƙi. Aka zuba kuɗi masu yawa, aka sayo manyan jirage daga ciki da wajen ƙasar, aka buɗe a watan Mayu na 1993. Baƙin da aka yi lissafi da su ba su zo ba. Garin na can ƙarshen hanya, lokacin yawon buɗe ido wata biyu ne, jirgin katako kuwa ba ya hutun ci. Ko ana kallonsa ko ba a kallonsa, yana son fenti, yana son a toshe tsakanin katakansa, ruwan sama mai daɗi kuma ya fi na gishiri saurin ruɓar da shi. A 1995 kamfanin da ke gudanar da wurin ya durƙushe, hukumar gari ta karɓi abin da za ta iya ɗauka. Gidan tarihin yana nan, an sabunta shi a 2006, yana riƙe da jirage fiye da 200, kuma ya cancanci ziyara. Amma wasu daga cikin manyan da aka sayo domin a cece su, a nan suka lalace.

Labarin Biche ya nuna abin da ya bambanta hanyoyin biyu, ta gidan tarihi da ta ƙungiya. Dundée ce ta kamun tuna, an sassaƙa ta a Les Sables-d'Olonne a 1934 domin wani masuncin Groix, Ange Stéphan. Ta yi su har tsakiyar shekarun 1950, a zamanin da ba a tafiya da ƙanƙara, sai dai a rataye tuna ta wutsiya a kan katakai a bisa rufin jirgi, a lulluɓe da tamfol, iska ta riƙa ratsawa har a iso gida. Daga nan ta koma hannun 'yan Beljiyam, sannan Ingilishi, kafin gidan tarihin Port-Rhu ya dawo da ita Faransa a 1991. Da kuɗi ya ƙare sai ta zauna tana ruɓewa, har aka fara maganar a kai ta makabarta. Ita ce ta ƙarshe cikin ɗaruruwan dundée na Groix. A 2003 wasu mutane suka kafa ƙungiyar Amis du Biche, suka karɓe ta, suka kai ta Lorient. Shekaru suka bi suna neman kuɗi, masassaƙan Guip na cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, 'yan sa kai na kankara da fenti a ranakun hutunsu. A watan Yuni na 2012 ta koma ruwa. Yanzu tana ɗaukar fasinja masu biya, kuma a lokacin bazara takan miƙa sandunanta biyu ta fita neman tuna, da mutanen da suka biya don su koyi yadda ake yi. A 2012 ɗin ne kuma Marité, jirgin katako na ƙarshe cikin masu zuwa gaɓar Kanada, wadda aka sassaƙa a Fécamp a farkon shekarun 1920, 'yan Suwidin suka cece ta, Faransa ta sayo ta a 2004, ta gama nata gyaran ta zauna a Granville.

Akwai masu suka, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa jirgin da aka canza masa kusan kowane katako, me ya rage na asalinsa? Suna cewa kwaikwayon da ke da inji a ciki da na'urar nuna hanya da rigunan ceto, wanda ma'aikatan banki ke tuƙawa ranar Lahadi, bai san komai ba game da yunwar 1902 da 1903, lokacin da sadin ya ƙaurace wa gaɓar Bretagne har aka riƙa raba abinci kyauta. Suna cewa biki ya rufe wahala, ya rufe yajin aikin da matan masana'antun Douarnenez suka yi daga Nuwamba 1924 zuwa Janairu 1925 kan ƙarin 'yan santimomi a awa. Na yarda biki na iya yin haka. Amma wanda ya karanta mujallar kanta ya san ba ta ɓoye waɗannan ba. A shafukanta ne mutane da yawa suka fara karanta abin da yaro ɗan koyo ke sha a hannun manya, da abin da ke samun gidan da teku ta cinye wa uba da 'ya'ya a dare ɗaya. Game da katako kuwa, jirgin aiki dama can kullum cikin canji yake. Masuncin da ke da shi ma yana cire ruɓaɓɓe ya sa sabo duk shekara. Abin da ake son ya ɗore shi ne siffar, da hannun da ya iya fitar da ita.

Wannan hannu kuwa ya dawo. Sana'ar sassaƙar jirgin katako, wadda ta kusa mutuwa a shekarun 1970, yau tana da makarantu da matasa maza da mata da ke ci da ita. Hukuma ta bi baya a hankali: daga farkon shekarun 1980 aka fara sanya jirage cikin jerin kayan tarihin ƙasa da doka ke karewa, abin da ke buɗe ƙofar tallafin gyara, daga baya kuma aka ƙirƙiro wata shaidar ta daban ga jiragen da ke da darajar gado, wadda ke rage wa masu su haraji. François Vivier ya ɗauki siffofin ƙananan jiragen masunta ya zana irin su Ilur, wanda mutum zai iya haɗawa a garejin gidansa ya ja da mota zuwa bakin ruwa. Paimpol ta fara bikin waƙoƙin teku a 1989, Morbihan ta fara nata makon jirage a 2001, duk shekara biyu.

Ita mujallar ba ta tsira daga abin da ke damun duk masu ɗab'i ba. Kamfanin haɗin gwiwar ya shiga matsin kuɗi, a 2003 gidan Glénat na Grenoble ya saye ta, daga baya ta koma ƙarƙashin rukunin jaridar Ouest-France. ArMen ta kama gabanta. Amma Chasse-Marée na fitowa har yau, ta haura fitowa 300, kuma daga Douarnenez ake shirya ta.

Nauyin da ke gaban ƙungiyoyin yanzu na shekaru ne. Jiragen da aka sassaƙa domin 1992 sun wuce shekara talatin, lokacin da jirgin katako ke neman babban gyara, wanda sau da yawa kuɗinsa ya fi na sassaƙawar farko. Mutanen da suka tara karo-karon wancan lokaci sun yi furfura, ƙa'idojin ɗaukar fasinja sun ƙara tsauri, ƙananan hukumomi kuma ba su da sakin hannun da. Wasu ƙungiyoyin sun sayar, wasu sun ɗaure jirginsu a kwata suna jiran mataimaki. Waɗanda ke tsaye da ƙafafunsu su ne masu fita da jirgin kullum: yau 'yan makaranta, gobe ma'aikatan wani kamfani, jibi sababbin 'yan ƙungiya da ake koya wa jan igiya, kuɗin kowace fita kuma a ajiye shi domin katako da fentin hunturu mai zuwa.